Tsofaffin Rubuce-rubucen Hannu na Arewa: Yadda Ake Ɗaukar Hotonsu da Yi Musu Fihirisa Don Intanet

A zaurukan malamai, fadojin sarakuna da ɗakunan karatu na Arewacin Najeriya akwai dubban littattafai da wasiƙu da aka rubuta da hannu, wasu da Larabci, wasu da ajamin Hausa, Fulatanci, Barbarci ko Nufanci. Daga cikinsu akwai waɗanda suka haura shekara 300. Duk a kan takarda suke, ita kuwa takarda gara na cin ta, laima na ruɓar da ita, gobara na lashe ta, rabon gado kuma na warwatsa ta. Wannan ne ya sa cibiyoyin bincike na gida da na waje suka duƙufa wajen ɗaukar hoton waɗannan rubuce-rubuce da kyamara, su adana a kwamfuta, su ɗora a intanet domin mai bincike ya karanta daga inda yake.

Aikin kashi biyu ne. Na farko ɗaukar hoto, na biyu kuma fihirisa, wato rubuta cikakken bayanin kowane littafi: sunansa, mawallafinsa, harshensa, abin da ya ƙunsa da inda yake ajiye. Ɗaukar hoto ya fi sauri, shi ne kuma aka fi gani a labarai. Fihirisa ta fi cin lokaci, ta fi buƙatar masani, kuma ita ce ke sa a iya gano littafi a cikin dubban hotuna. Inda aka yi na farko aka bar na biyu, an tsirar da shafuka amma babu mai iya kai wa gare su.

Darasi daga takardun bardi na Masar

Ɗaya daga cikin fannonin da suka fara shiga wannan aiki da wuri shi ne nazarin tsofaffin takardun Masar. Kafin takardar da muka sani ta yaɗu, Misirawa sun shafe dubban shekaru suna rubutu a kan wani abu da suke yi da wata ciyawar bakin Kogin Nilu mai kama da kachalla, wadda Larabawa ke kira bardi, Turawa kuma fafiras. Ana tsaga ɓargon karanta siri-siri, a jera wasu a tsaye wasu a kwance, a danne su har su manne su bushe. Irin wannan ciyawa tana tsirowa a Tafkin Chadi har yau.

Bushewar yashin Masar ta sa takardun bardi masu yawa suka tsira. Daga 1896 zuwa 1907, wasu masana biyu na Ingila, Bernard Grenfell da Arthur Hunt, sun tona jujin wani tsohon gari da a yanzu ake kira Bahnasa, suka kwashe gutsattsarin takardu kimanin 500,000 zuwa birnin Oksfod. An buga mujalladi na farko na abin da aka karanta a 1898. Bayan fiye da shekara 120 da mujalladai sama da 80, rubuce-rubucen da aka karanta aka buga sun haura 5,000 da kaɗan. Tono ya ɗauki shekara goma, karatu da tantancewa kuwa har yanzu ba a ci rabinsu ba.

Babban ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya da ke Biyana yana riƙe da irin waɗannan kayayyaki kimanin 180,000. Ɗaya daga cikin mafi shahara a cikinsu rasit ne na tumaki 65 da aka karɓa domin ciyar da rundunar Musulmi a Masar, an rubuta shi da Larabci da Girkanci a shekara ta 22 bayan Hijira, daidai da 643. Yana cikin mafi tsufan takardun Larabci masu ɗauke da kwanan wata, kuma masana na kafa hujja da shi wajen nazarin tarihin rubutun Larabci da na kalandar Hijira. Wannan na nuna cewa takardar bashi ko wasiƙar fatauci da ake rainawa a yau tana iya zama babbar shaida nan gaba.

Masana wannan fanni sun fara shigar da matanin takardun cikin kwamfuta a Jami'ar Duke ta Amurka tun 1982. Daga baya aka haɗa matani, bayanan fihirisa da hotuna a shafi guda mai suna papyri.info, yayin da wani rumbun bayanai mai suna Trismegistos a Jami'ar Luben ta Beljiyam ke ba kowane rubutu lambarsa ta dindindin. Saboda haka ana iya gano cewa rabin wata takarda yana Jamus, ɗaya rabin yana Amurka, a haɗa su a allon kwamfuta a karanta.

Abin da Arewa ta gada

Rubutun Larabci ya daɗe a wannan yanki. Marubucin Masar al-Ƙalƙashandi ya adana matanin wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ a wajajen 1391. Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa nasiha kan tafiyar da mulki. A ƙarni na 17 Katsina ta yi Ɗan Marina da Ɗan Masani. A ƙarshen shekarun 1950 masani A. D. H. Bivar ya ɗauki hoton wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu na ɗauke da shekarar 1080 bayan Hijira, wato 1669. A tsakanin layukansu akwai fassara da tsohon harshen Kanembu, wadda ke cikin mafi tsufan ajami da aka sani a Afirka.

Rubutu ya bunƙasa ƙwarai a zamanin jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817), ƙanensa Abdullahi, ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi da Larabci, Fulatanci da Hausa. Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi kuma ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, dukansu tushe ne na tarihin wancan zamani.

Abin da ke cikin gafakun malamai ya wuce fiƙihu, tauhidi da nahawu. Akwai littattafan magani, hisabi da ilmin taurari, akwai jerin sunayen sarakuna, hukunce-hukuncen alƙalai, takardun gado da na bashi, da takardun alfarma da sarakunan Barno ke bai wa gidajen malamai, waɗanda ake kira mahram. Akwai kuma wasiƙun mulki. Waɗanda Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari lokacin da suka shiga Sakkwato a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, suna nuna yadda sarakunan Arewa suka riƙa sanar da juna motsin sojojin Ingila.

Takarda, tawada da gafaka

Ba a yin takarda a ƙasar Hausa a wancan lokaci. Fatake ne ke kawo ta ta Sahara daga Turabulus da Masar, akasarinta kuwa ƙirar Italiya ce. Idan aka ɗaga warƙa aka haska ta, sau da yawa akan ga tambarin jinjirin wata uku a jere. Kamfanin iyalan Galvani na garin Pordenone na cikin waɗanda takardarsu ta fi yaɗuwa a nan a ƙarni na 19. Wannan tambari na taimaka wa masana wajen ƙiyasta shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba.

Tawada ta gida ce. Akwai ta gawayi da ƙaro, akwai kuma wadda ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera, wadda ba ta wankuwa amma a kan lokaci takan ci takarda har ta huda ta. Ja da rawaya ana amfani da su wajen wasula, kanun babi da zayyana.

Littattafan wannan yanki ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake, ana sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Wannan ya sauƙaƙa wa malami ya ba almajirai da yawa aron sassan littafi guda su kwafa. Babu lambar shafi. Abin da ke tsare jerin shi ne kalmar da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Idan gafaka ta zube, da wannan kalma kaɗai ake iya mayar da littafin yadda yake. Idan kuwa magada suka raba littafi ɗaya gida uku, kowa ya tafi da nasa kaso, an rasa littafin ko da babu warƙar da ta lalace.

Inda aka tara su

Tattara waɗannan rubuce-rubuce a hukumance ya fara ne a shekarun 1950. W. E. N. Kensdale ya wallafa fihirisar littattafan Larabci na ɗakin karatun Jami'ar Ibadan tsakanin 1955 da 1958. An kafa Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, reshenta na Kaduna kuwa ya tara littattafai da wasiƙun Larabci daga lardunan Arewa. A 1964 John Hunwick ya buɗe cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Ibadan, a 1965 kuma Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka fitar da fihirisar abin da ke Gidan Tarihi na Jos da ɗakin karatu na Lugard Hall a Kaduna. Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sannan ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, a gidan marigayi Sardauna.

Ban da waɗannan, akwai tarin rubuce-rubuce a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Ɗan Hausa da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Maiduguri. A Jamhuriyar Nijar, cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana da sashen Larabci da ajami wanda ya samo tushe daga abin da Boubou Hama ya tara. Wasu kuma sun tsallaka teku. Ɗakin karatun Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya na Kano da ya rasu a 1962, mai ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka.

Masu aikin farko sukan ari littafi daga mai shi, su ɗauki hotonsa a kan siririn fim, su mayar masa. Hanyar ta yi amfani a zamaninta, amma hotunan baƙi da fari ne, don haka jan wasali da baƙin baƙi duk sun zama launi ɗaya. Shi kansa fim ɗin yana lalacewa a wuri mai zafi da laima, na'urorin karanta shi kuma sun yi ƙaranci. Irin waɗannan fina-finai su ma suna buƙatar a mayar da su cikin kwamfuta, domin mai yiwuwa ne wasunsu su kaɗai suka rage bayan asalin ya ɓace a hannun magada.

Yadda ake ɗaukar hoto

Kafin kyamara ta zo, ana share ƙura da buroshi mai laushi, a ware warƙoƙin da suka manne, a tabbatar da jerinsu, a ba kundin lamba. Ba a danna tsohuwar takarda a cikin sikana irin ta ofis, domin tana iya karyewa. Ana kafa kyamara ne a kan sanda tana kallon ƙasa, a shimfiɗa warƙa a kan baƙin ƙyalle ko kwali, a haska ta daga gefe biyu da fitilar da ba ta zafi. A gefen kowane hoto akan ajiye ma'auni da ɗan katin launuka, domin mai kallo ya san girman takardar da ainihin launin tawadar. Ana ɗaukar gaba da bayan kowace warƙa, har da wadda babu rubutu, da tadarishi da gafakar kanta. Don ganin tambarin takarda, ana sa haske ta ƙarƙashinta.

Ƙa'idar da manyan ɗakunan karatu ke bi ita ce kada ingancin hoto ya gaza ɗigo 300 a kowane inci. Ana adana asalin hoton a tsarin TIFF, wanda ba ya rage komai, a fitar da ƙaramin kwafi a tsarin JPEG domin intanet. Wannan na cin wuri. Hoto ɗaya daga kyamara mai ɗigo miliyan 24 yakan kai megabait 70, saboda haka kundi mai shafi 1,000 zai ci gigabait 70.

Hoton kwamfuta ma yana mutuwa. Faifan ajiya kan lalace a cikin 'yan shekaru, waya kan ɓace, shafin intanet kan rufe idan kuɗin aiki ya ƙare. Shi ya sa ake ajiye kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban, a kuma riƙa duba su lokaci-lokaci. Takardar da ta shekara 200 a gafaka ta nuna juriyar da babu faifan da ya taɓa nunawa, don haka ɗaukar hoto ba ya zama dalilin sakaci da asali.

Fihirisa da wahalhalunta

Cikakkiyar fihirisa tana ɗauke da lambar kundi, sunan littafi, mawallafi, mai kwafi, harshe, fanni, kalmomin farko bayan basmala da salati, kalmomin ƙarshe, yawan warƙoƙi, tsawo da faɗi, yawan layuka a shafi, irin rubutu, ko na Barno ne ko na Kano, launin tawada, tambarin takarda, bayanan da aka rubuta a gefe, da kuma ko littafin cikakke ne ko yana da giɓi.

Cike waɗannan gurabe aiki ne na masani. Littattafai da yawa ba su da suna a farkonsu, sai an gane su daga kalmomin buɗewa. Gafaka ɗaya tana iya ƙunsar littattafai goma da suka cakuɗe. Sunan da ke ƙarshen littafi sau da yawa na mai kwafi ne ko na wanda aka kwafa dominsa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka shi ne mawallafi. Akwai kuma waƙoƙi da littattafan da aka jingina wa Shehu ko Bello domin neman albarka ko karɓuwa, alhali na wasu ne. Suna ɗaya ma yakan zo da siffofi da yawa: Ɗanfodiyo a Hausa, Ibn Fudi a Larabci, da wasu rubuce-rubucen a harsunan Turai. Idan ba a tsayar da siffa guda aka ɗaura sauran a kanta ba, mai nema a kwamfuta zai sami kaɗan ya rasa da yawa.

Kwanan wata ma yana da tarko. Masu kwafi da yawa sukan ambaci rana da wata su bar shekara. Mawaƙa kuwa sukan ɓoye shekarar a cikin ramzi, wato kalmar da kowane harafinta ke da adadi. Lissafin haruffa na wannan yanki irin na Magariba ne, ya sha bamban da na Gabas. Harafin shinun a nan 1,000 ne, a Gabas kuwa 300. Ramzin da aka haɗa da shinun, ra da fa zai ba da 1280 a lissafin Magariba, wato wajajen 1863, amma a lissafin Gabas 580 zai bayar. Wanda ya yi amfani da lissafin da ba shi ba zai mayar da waƙar baya da shekara 700.

Haka rubutun kansa. A rubutun Magariba da ake amfani da shi a nan, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A ajamin Hausa ana nuna wasalin e da ɗigo a ƙarƙashin harafi, kamar imala a ƙira'ar Warshu, kuma marubuta sun sha bamban wajen rubuta sautuka irin su ɓ, ts da c. Balaraben da bai ji Hausa ba ba zai karanta ajami ba, Bahaushen da boko kaɗai ya sani shi ma haka. Waɗanda suka fi iyawa su ne alarammomi da malaman zaure da suka tashi a kan allo da Warshu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka san waƙoƙin a ka sun manyanta. Duk shirin da bai ɗauke su aiki tare da ma'aikatan ɗakin karatu ba zai tara hotuna da babu mai fassara su.

Babban ginshiƙin wannan fanni shi ne mujalladi na biyu na jerin Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya fitar a 1995, mai ɗauke da sunayen marubutan Najeriya da maƙwabtanta da littattafansu da inda kwafinsu yake. Gidauniyar al-Furƙan ta Landan ta buga fihirisar rubuce-rubucen da ke ma'adanar Kaduna, wadda Baba Yunus Muhammad ya shirya. Charles Stewart na Jami'ar Illinois kuma ya fara tun shekarun 1980 wani rumbun bayanai da ke haɗa fihirisoshin Afirka ta Yamma wuri guda, wanda a yanzu ana iya bincikarsa a intanet da Larabci ko Ingilishi.

Abin da ke intanet a yau

Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana gudanar da wani shiri na ceto takardun tarihi da ke cikin haɗari tun 2004, da tallafin gidauniyar Arcadia. Sharaɗinsa shi ne asalin takardu ba ya barin ƙasarsa, ana ajiye kwafin hotuna a wata cibiya ta gida, a ɗora wani a intanet kyauta. Ta wannan shiri an ɗauki hoton waƙoƙin jihadi na ajamin Fulatanci da wasu takardu daga ma'adanar Kaduna. Jami'ar Boston, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom, ta buɗe ɗakin karatun ajamin Afirka a intanet, inda akwai rubuce-rubucen Hausa da Dakta Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero ya yi aikin tattarawa. A Jami'ar Hambug ta Jamus, Dmitry Bondarev da abokan aikinsa sun zurfafa bincike kan Alƙur'anan Barno da fassarorin da ke tsakanin layukansu.

Buga ajami a kwamfuta shi ma ya samu ci gaba. Ƙungiyar Unicode, mai tsara lambobin haruffan duniya, ta ƙara wasu haruffan ajamin Hausa a 2020, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami wanda ya kwaikwayi rubutun Kano. Muhimmancin wannan shi ne kwamfuta ba ta iya neman kalma a cikin hoto sai an buga matanin. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke karanta rubutun hannu ma sai an koya musu da shafuka masu yawa da mutane suka riga suka karanta suka buga daidai.

Abin da ya faru a Timbuktu ya nuna gaggawar lamarin. Bayan 'yan bindiga sun mamaye garin a 2012, iyalai da ma'aikatan ɗakunan karatu ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haidara sun kwashe dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce a asirce zuwa Bamako. A Janairun 2013 an ƙona ko an sace kimanin 4,200 a Cibiyar Ahmed Baba. Daga baya aka shafe shekaru ana ɗaukar hoton waɗanda suka tsira, a 2022 kuma kamfanin Google ya ɗora shafuka kimanin 40,000 domin kowa ya gani.

Haƙƙin masu littattafai

Kaso mai yawa na wannan gado yana hannun iyalai, kuma ɗari-ɗarin da wasu ke yi da masu bincike yana da dalili, domin akwai gidajen da suka ba da aro ba a mayar musu ba. Ingantaccen shiri yana ɗaukar hoto ne a gidan mai littafi ko a gabansa, da yarjejeniya a rubuce cikin harshen da yake ji, a ba shi kwafin hotunan, a ambaci gidansu a fihirisa idan ya yarda. Yana kuma da ikon cewa kada a ɗora wani abu a intanet. Laƙani da asiran gida, takardun bashi, da takardun da suka shafi asalin wasu iyalai ko rigimar sarauta na iya tayar da fitina idan aka baza su. Ana iya ambaton irin waɗannan a fihirisa, a taƙaita ganin hotonsu.

Doka ma ta yi magana. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sanya rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, waɗanda ba a fitar da su daga Najeriya sai da izinin hukumar.

Lafiya da jihar Nasarawa

Manyan cibiyoyin da aka ambata suna Sakkwato, Kano, Zariya, Kaduna, Maiduguri, Jos da Ibadan, amma al'adar rubutu ta kai har kwarin Binuwai. Muhammadu Dunama da jama'arsa, waɗanda asalinsu Barno ne, su suka kafa masarautar Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. A ƙarni na 19 Lafiya ta bi Bauchi, Keffi da Nasarawa kuma suka bi Zazzau, a cikin daular da harshen wasiƙunta da shari'arta Larabci ne. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai (1881 zuwa 1903) kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manya a kwarin Binuwai, da hanyar fatauci zuwa Loko, ga kuma cinikin gishirin Awe da Keana. Duk inda fada, alƙali da fatake suka haɗu, malamai da takardu na biye.

Yanayin wannan yanki ya fi na Sakkwato ko Kano tsanani ga takarda, domin damina ta fi tsawo, laima ta fi yawa. Lafiya kuma tana faɗaɗa tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, iyalai na tashi daga tsohon gari zuwa unguwanni irin su Bukan Sidi, kuma a wajen ƙaura da rushe tsohon ɗaki ne ake yawan zubar da tsofaffin takardu.

Wanda ya gaji gafaka yana iya yin abubuwa da dama ba tare da jiran tallafi ba. Ya ɗaga ta daga ƙasa, ya nisanta ta da bango mai danshi da rufi mai yoyo. Kada ya ƙulle takardu a leda, domin tana tara gumi, kada ya liƙa salatef a inda ya yage, kada kuma ya kai a manne su da roba mai zafi, domin ba a iya cire ta daga baya. Ya bar warƙoƙi a jerin da ya same su. Idan zai ɗauki hoto da waya, ya yi a inuwa mai haske, warƙa bayan warƙa, gaba da baya, ya adana kwafi a wuri fiye da ɗaya. Sannan ya zauna da malamin da ya iya karanta rubutun, su rubuta a littafi sunan kowane kundi, kalmominsa na farko da na ƙarshe, yawan warƙoƙinsa, da sunan wanda aka gada daga gare shi. Irin wannan jeri shi ne abin da sassan tarihi na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko Arewa House a Kaduna, za su fara tambaya idan aka nemi taimakonsu.